Ta Ina Zan Fara Jin Waƙoƙin Bob Dylan? Jagora Mataki-Mataki

Tun da aka ba Bob Dylan kyautar Nobel ta adabi a watan Oktoba na 2016 nake samun wannan tambaya jefi-jefi, amma daga lokacin da fim ɗin A Complete Unknown, mai ba da labarin ƙuruciyarsa, ya fito a ƙarshen 2024 sai ta zama kamar gaisuwa. Wani ya ce ya rubuta sunan mutumin a waya, albam suka zubo masa kamar fari, ya rasa wanda zai danna. Wani kuma ya riga ya danna, ya ji murya kamar ta mai mura, ya rufe, ya zo yana tambayata ko dai Turawan Suwidin masu ba da kyautar sun yi kuskuren suna ne.

Ba su yi kuskure ba, kunnenka ma lafiyarsa ƙalau. Ƙofar shiga ka ɓata. Mutumin da aka haifa a 1941, ya fara fitar da albam tun 1962, yana da guda arba'in na situdiyo, ban da na dandali da tarin waɗanda aka tono daga ma'ajiya, ba a faɗa masa ta ko'ina kamar kasuwar ƙauye. A cikin arba'in ɗin nan akwai waɗanda in ka fara da su, to kun yi hannun riga ke nan har abada. Ga tsarin da nake ba masu tambaya, kuma zai ci maka kamar wata biyu in ka bi shi yadda ya kamata.

1. Haɗa kayan aiki tukuna

Abu uku kake buƙata: wurin da za ka samu waƙoƙin a jere, abin sauraro mai kunne biyu, da rubutattun baitoci.

Albam ɗinsa suna kan Spotify da Apple Music da YouTube Music, kuma tasharsa ta YouTube tana ɗauke da sautin yawancinsu. In kana da halin biyan kuɗin wata, biya, domin shi ne zai ba ka damar sauke albam ka ji ba tare da intanet ba. Lissafin data ba shi da ban tsoro. A matsakaicin inganci, albam mai minti hamsin yana cin megabayit kusan 40. In ka ɗaga ingancin mataki ɗaya zai kai wajen 60. Duka albam takwas ɗin da zan fi tsayawa a kansu a nan, a inganci mai kyau, suna wajen rabin giga ne. Sauke su da dare lokacin da data take araha. Abin da ke cinye data shi ne bidiyo, kuma ba ka buƙatarsa.

Gargaɗi: ka tabbatar maɓallin nan da ke cakuɗa waƙoƙi a kashe yake. Tsarin kyauta na wasu manhajoji yakan hargitsa jeri ya kuma cusa talla a tsakani. Waɗannan albam an tsara su ne a zamanin faifan garmaho, gefen farko da gefe na biyu, kamar kaset. Waƙar da ta buɗe da wadda ta rufe ba haka kawai suka faɗo wurin ba.

Batun abin sauraro kuwa, kada ka yi irin abin da muka saba, iyafis ɗaya a kunne ɗaya kuma na lilo a ƙirji. A faifan shekarun 1960 sau da yawa an tura jita gefe guda, wani abin kiɗan kuma ɗaya gefen. Da kunne ɗaya rabin kiɗan za ka ji. In ɗaya kunnen iyafis ɗin ya mutu, shiga saitin wayarka ka kunna mono, wanda ke haɗa sautin biyu wuri guda. Android da iPhone duk suna da shi.

Baitocin suna shafinsa na bobdylan.com, kowace waƙa da rubutunta. Kada ka ji kunyar buɗe su. Mutumin nan yana haɗiye ƙarshen kalma, yana jan wata ta yi tsawon uku, har 'yan ƙasarsa sukan yi gardama a kan abin da ya faɗa.

2. Gwajin waƙa biyar

Kafin ka ɗauki albam, ba kunnenka ɗanɗano. Waƙoƙi biyar ne, gaba ɗayansu ba su cika rabin awa ba. Ji su a wannan jeri:

Blowin' in the Wind, ta 1963. Shi da jita da ƙaramin abin busar nan da ake kira hamonika.
Knockin' on Heaven's Door, ta 1973. Minti biyu da rabi, mai sanyi, kuma wataƙila ka taɓa jin ta a bakin wani mawaƙin.
Like a Rolling Stone, ta 1965. Minti shida na kiɗan lantarki da gori.
Hurricane, ta 1975. Labari ne tsantsa, da gogen Turawa yana bin sa.
Not Dark Yet, ta 1997. Muryar tsufa.

Ba so nake ka ƙaunaci duka ba. So nake ka lura da wadda ka ji sha'awar maimaitawa, domin za ta yi mana amfani a mataki na bakwai. Sannan ka gane da kunnenka cewa ba murya ɗaya gare shi ba. Wanda ya ce ba ya son muryar Dylan, sai a tambaye shi wacce daga ciki.

Gargaɗi: kada ka zarce daga nan zuwa kundin da ake kira Greatest Hits ko The Essential Bob Dylan ka yada zango. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa. Irin waɗannan kundaye sun tsinto fitattun waƙoƙi ne daga zamunna daban-daban, sai ka ji saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya, kafin ka saba da shi an jefo maka wani mutum dabam. Za ka san sunayen waƙoƙi, ba za ka san mai su ba.

3. Shiga ta tsakiya: Blood on the Tracks

Ga inda nake saɓa wa mutane da yawa. Wasu za su ce ka fara daga na farko ka biyo jeri. Wasu za su ce ka fara da Highway 61 Revisited tunda shi aka fi yabo. Ni kuwa cewa nake ka fara da na Janairun 1975.

Dalilina na farko murya ce. A nan yana da shekara talatin da uku, ƙarar hancin nan ta ƙuruciya ta lafa, dishewar tsufa kuma ba ta iso ba. Na biyu, kiɗan yana da taushi, jita ce a gaba, sauran kaya suna rakiya. Na uku, wanda ya fi duka, zancen ba ya buƙatar ka san siyasar Amurka ko adabin Turawa. Waƙoƙi goma ne, kusan dukansu a kan soyayyar da ta lalace. Lokacin da ya yi su zamansa da matarsa Sara ya fara tangal-tangal, kuma sun rabu a 1977. Shi dai ya sha musanta cewa labarinsa ne yake bayarwa. Kai ka ji ka yanke hukunci.

Abin da zai burge ka shi ne yadda bai tsaya a kan yanayi guda ba. Simple Twist of Fate nadama ce ta mutumin da ya farka ya tarar ɗaki wayam. Idiot Wind kusan minti takwas ce ta baƙar magana, yana ta zazzaga wa matar da duniya baki ɗaya, sai a ƙarshe ya juya ya haɗa da kansa a cikin wawayen. If You See Her, Say Hello kuwa irin saƙon nan ne da mutum ke ba abokinsa yana nuna shi ko a jikinsa, alhali muryarsa ta riga ta tona masa asiri. Wanda ya taɓa sakin mace yana son ta, ko wadda aka saka tana so, ba sai an yi masa fassara mai tsawo ba.

Gargaɗi biyu. In kana nema za ka ga wani mai kama da shi, More Blood, More Tracks, na 2018. Ba shi ba ne. Wancan ɗaukar gwaji ce ta situdiyo. Asalin labarin shi ne Dylan ya ɗauki albam ɗin a New York a Satumbar 1974, sannan a Disamba ya sake ɗaukar waƙoƙi biyar a Minneapolis da wasu makaɗa, shi ya sa kowace waƙa take da 'yan'uwa. Ka nemi na 1975 mai waƙa goma. Na biyu, waƙa ta bakwai, Lily, Rosemary and the Jack of Hearts, doguwar tatsuniya ce mai mutane da yawa, kusan minti tara, kuma ba ta yi kama da sauran ba. In ta gundure ka a karon farko, tsallake ta. Ni ma sai bayan shekaru muka shirya da ita.

4. Yadda ake jin albam ɗaya

Wannan matakin ya shafi duk sauran, don haka bari in tsaya a kansa.

Albam ɗaya a mako. Cikin makon ka ji shi aƙalla sau uku, kowane da manufarsa. Jin farko, ajiye baitocin, ka ji shi daga farko zuwa ƙarshe kana wanki ko kana cikin mota, ka bar karin ya zauna. Kada ka damu da abin da ba ka gane ba. Ji na biyu shi ne na zama: bayan isha'i, waya a yanayin shiru, baitoci a gabanka, kana bi layi-layi. Kalmar da ta shige maka duhu ka duba ƙamus, amma kada ka tsayar da waƙar, ka bari sai ta ƙare. Ji na uku ka sake ajiye rubutun. A nan ne abin yake buɗewa, domin yanzu ka san me ya ce, sai ka fara jin yadda ya faɗe shi, inda ya danne kalma, inda ya yi jinkiri da gangan, inda ya yi dariya a cikin maƙogwaro.

Wanda ya tashi da sauraron Shata ko Ɗan Maraya Jos ya riga ya san wannan hanya. Kiɗan yana iya tafiya a kan kari ɗaya na tsawon lokaci, kai kuwa zancen kake bi, kana jiran inda za a saki habaici. Haka Dylan yake. Yawancin waƙoƙinsa ba su da amshi mai tsawo, sai layi ɗaya da ke rufe kowane baiti, kuma duk dawowar layin ma'anarsa ta ɗan sauya. Tangled Up in Blue, wadda ta buɗe Blood on the Tracks, baiti bakwai ce a kan wannan tsari.

Gargaɗi: kada ka nemi ka jera labarin Tangled Up in Blue daga farko zuwa ƙarshe. Da gangan ya cakuɗa jiya da yau. Kuma ka guji karanta dogayen sharhin masana kafin ji na uku. Akwai masu ɓata shekaru suna neman wace ce wace a waƙoƙin mutumin nan. In ka fara da su za ka koma ɗalibi mai jiran jarrabawa.

5. Koma baya: The Freewheelin' Bob Dylan

Mako na biyu, sai 1963. Wannan ne albam ɗinsa na biyu, ya fito kwana uku bayan ya cika shekara ashirin da biyu. A bangon za ka gan shi da budurwarsa suna tafiya a titin New York cikin dusar ƙanƙara. Waƙa goma sha uku, kusan duka shi kaɗai da jita da hamonika, kamar dai mai kuntigi da ba ya jiran 'yan amshi.

Ka riga ka ji Blowin' in the Wind. Yanzu ka kasa kunne ga Masters of War, wadda la'ana ce kai tsaye ga masu ƙera makamai suna cin riba, har ya rufe ta da fatan mutuwarsu. Sai A Hard Rain's A-Gonna Fall, kusan minti bakwai, tsarin tambaya da amsa tsakanin mahaifi da ɗan da ya dawo daga yawon duniya. Sai Don't Think Twice, It's All Right, bankwana ce da ke cewa ba komai alhali kowane baiti yana da ƙaya.

Gargaɗi: rage sauti kafin ka fara. Hamonikar nan a iyafis tana iya huda kunne, musamman in ka ɗaga sauti don ka ji kalmomi. Sannan kada ka rikita shi da albam na farko mai suna Bob Dylan kawai, na 1962. A wancan waƙa biyu ne kacal nasa, sauran na gargajiya ne da na wasu.

In wannan salon ya kama ka, ƙara mako ɗaya ga The Times They Are a-Changin' na 1964. Ya fi nauyi, babu raha a cikinsa. A ciki akwai The Lonesome Death of Hattie Carroll, labarin gaskiya na wata baƙar mata mai aiki a otal a Baltimore, wadda wani matashin Bature ɗan masu kuɗi ya doka da sanda a 1963 ta mutu, kotu ta yanke masa wata shida. Ka lura da yadda ya riƙe fushinsa har sai baitin ƙarshe. A ganina duk waƙoƙinsa na adawa babu wadda ta kai ta iya gini.

6. Shekarar lantarki: albam biyu, mako biyu

Yanzu ka shirya wa abin da ya sa ake kiransa ɗan kiɗan rok. Tsakanin Maris na 1965 da Yunin 1966, wata goma sha biyar ke nan, ya fitar da albam uku da suka sauya yadda ake rubuta waƙa a Amurka da Ingila. Biyu za ka ɗauka yanzu.

Fara da Bringing It All Back Home. Shi ne gada: gefen farko da jitar lantarki da ganguna, gefe na biyu ya koma jitar hannu. Gefe na biyun waƙoƙi huɗu ne dogaye, daga Mr. Tambourine Man zuwa It's All Over Now, Baby Blue, kuma in da za a ce in tsira da minti ashirin da 'yan kai daga duk aikinsa, da su zan gudu. Waƙar da ta buɗe albam ɗin, Subterranean Homesick Blues, kalmomi ne ke zubowa da gudu kamar na 'yan gambara. Ba rubutu a hannu ba za ka kama rabinta ba.

Mako na gaba, Highway 61 Revisited, na Agustan 1965. Sunan wata babbar hanya ce da ta taso daga jiharsa ta Minnesota ta bi kogin Mississippi har New Orleans. Waƙa tara. Bugun ganga ɗaya ne ya buɗe shi, sai Like a Rolling Stone ta faɗo, Mike Bloomfield a kan jita, Al Kooper a kan ogan. Ballad of a Thin Man izgili ne ga mai ilimin da ya shiga wuri bai san dawan garin ba. Desolation Row ta rufe, minti goma sha ɗaya, babu ganga.

A nan dabarar sauraro ta ɗan sauya. A albam ɗin baya kana bin labari ne. A waɗannan hotuna ne ake jefo maka ɗaya bayan ɗaya, mutanen tarihi da na tatsuniya da na littafin Baibul a titi guda. Kada ka tsaya kana cewa me wannan yake nufi a kowane layi. Wani layin zambo ne, wani wasa da harshe ne kawai, wani kuma sai bayan wata uku zai faɗo maka kana tsakiyar wani abu.

Gargaɗi ga wanda abin zai dama: waƙar da albam ɗin ya ci sunanta ta buɗe ne da ƙissar Annabi Ibrahim da yanka ɗansa, a cikin harshen 'yan tasha da sigar raha. Gara ka sani tun yanzu. Ita ce ta bakwai a jeri, kana iya tsallake ta.

7. Mararraba

Wata guda ya wuce, ka ji huɗu ko biyar. Yanzu koma ga gwajin mataki na biyu.

In Hurricane ce ta kama ka, tafi ga Desire na Janairun 1976. Gogen Scarlet Rivera ne ya ba albam ɗin launinsa, Emmylou Harris tana raka shi da murya. Hurricane labarin ɗan damben boksin Rubin Carter ne, baƙar fata da aka ɗaure bisa zargin kashe mutum uku a New Jersey a 1966, wanda wani alƙalin tarayya ya soke hukuncinsa a 1985. One More Cup of Coffee tana da wani jan murya da kunnen da ya saba da waƙar Larabawa zai ji kamar ya san shi. Waƙar Joey kuwa, minti goma sha ɗaya na yabon ɗan daba, ban ga laifin wanda ya tsallake ta ba.

In Like a Rolling Stone ce, sai Blonde on Blonde na 1966, cikon ukun nan. Faifai biyu ne, waƙa goma sha huɗu, sama da minti saba'in, yawancinsa a Nashville aka ɗauka. Raba shi gida biyu ka ba shi kwana goma. Gargaɗi: waƙar farko shirme ce da gangan, hayaniya da ƙahoni kamar taron mashaya, da wasan kalma a kan jifa da buguwa. Mutane da yawa a nan suke juyawa. Daure ka kai ta uku, Visions of Johanna, a nan albam ɗin ya fara da gaske.

In kuwa Knockin' on Heaven's Door ce, kana son sanyi ke nan. Ɗauki John Wesley Harding na Disambar 1967, wanda ya yi bayan haɗarin babur da ya samu a Yulin 1966 ya janye daga idon jama'a. Gajerun waƙoƙi ne masu kama da misalai na wa'azi. A ciki All Along the Watchtower take, wadda Jimi Hendrix ya ɗauka ya mayar da ita tsawa a 1968. Bayansa sai Nashville Skyline na 1969, wanda bai cika rabin awa ba, inda ya fito da wata murya mai santsi har za ka duba waya ka ga ko wani ne. Johnny Cash ya raka shi a waƙar farko.

8. Muryar tsufa: Time Out of Mind

Kada ka yi abin da yawancin mutane ke yi, su tsaya a 1976 su ce sun gama. Da tsohuwar zuma ake magani. A Satumbar 1997, yana da shekara hamsin da shida, bayan shekara bakwai bai fitar da sababbin waƙoƙinsa ba, ya zo da wannan albam, wanda ya ci Grammy uku har da na gwarzon albam na shekara. Daniel Lanois ne furodusa, ya lulluɓe sautin da amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya ake kiɗan. Muryar ta dishe ta zama tsakuwa, kuma ita ce ta dace da zancen: tafiyar dare, soyayyar da ta ƙi mutuwa, da jin cewa rana ta yi yamma. Mutane kan ɗauka ciwon zuciyar da ya kwantar da shi a wannan shekarar ne ya haifi waƙoƙin, amma an riga an gama ɗaukar su kafin ya kwanta.

A nan za ka tarar da Make You Feel My Love, wadda da yawa suka sani a bakin Adele ba su san tasa ba ce. Waƙar ƙarshe, Highlands, ta haura minti goma sha shida a kan kari ɗaya. Ajiye ta sai ranar da kake da natsuwa.

In ya shige ka, hanya a buɗe take: Oh Mercy na 1989, shi ma aikin Lanois, sai Love and Theft na 2001 wanda ya fi raha, sai Rough and Rowdy Ways na 2020. Na ƙarshen ya rufe da Murder Most Foul, kusan minti goma sha bakwai a kan kisan Shugaba Kennedy, kuma yana da shekara saba'in da tara ya fitar da shi.

9. Waɗanda za ka jinkirta

Self Portrait na 1970, waƙa ashirin da huɗu, yawanci na wasu, tun fitowarsa masoyansa ke ƙorafi. Knocked Out Loaded na 1986 da Down in the Groove na 1988, lokacin da abin ya tsaya masa. Christmas in the Heart na 2009, waƙoƙin Kirsimeti ne. Shadows in the Night, Fallen Angels da Triplicate, daga 2015 zuwa 2017, tsofaffin waƙoƙin Amurka ne irin na zamanin Frank Sinatra, babu rubutunsa a ciki. Kai kuwa rubutun ka zo nema.

Sai uku na tsakanin 1979 da 1981: Slow Train Coming, Saved da Shot of Love. Dylan Bayahude ne ta haihuwa, sunansa na yanka Robert Zimmerman, amma a wannan tsakanin ya rungumi addinin Kirista, kuma waƙoƙin bishara ne ƙarara. Ta fuskar kiɗa na farkon yana da kyau ƙwarai, Mark Knopfler ne a kan jita. Ka dai shiga da saninka. Haka nan Infidels na 1983, wanda Sly Dunbar da Robbie Shakespeare na Jamaika suka riƙe masa ganga da bes. Masu son rege za su ji daɗin Jokerman, amma a cikinsa akwai Neighborhood Bully, wadda aka ɗauka a matsayin kare Isra'ila.

10. Ma'ajiya da dandali

Sai ka kammala duk na sama sannan ka leƙa jerin da ake kira The Bootleg Series, wanda aka fara fitarwa a 1991. Mutumin nan yana da ɗabi'ar cire waƙa mafi kyau daga albam ya jefa ta a akwati. Blind Willie McTell, wadda ya yi lokacin Infidels ya ƙi sakawa, sai a kundin farko na wannan jeri ta fito, kuma ta fi duk abin da ya saka ɗin. Waɗannan kundaye manya ne, wasu faifai shida ko fiye, don haka kada ka danna sauke duka in ba ka kan Wi-Fi.

Gargaɗi kan bidiyon wasanninsa na dandali na shekarun baya-bayan nan: yakan sauya karin waƙa gaba ɗaya, har sai an kai tsakiya masu kallo suke gane wacce yake yi. Ba da su ake koyon waƙoƙinsa ba.

Na dandali guda ɗaya nake so ka ji a yanzu, kundi na huɗu a jerin, wanda ya fito a 1998. A bangon an rubuta Royal Albert Hall, wani zaure a Landan, amma a Manchester aka yi wasan, ranar 17 ga Mayu, 1966. Faifan farko shi kaɗai ne da jita, zauren tsit. A na biyu ya dawo da makaɗan lantarki, masoyan waƙar gargajiya suna ganin ya ci amanarsu, kana jin su suna tafin gatse a tsakanin waƙoƙi don su hana shi. Gab da waƙar ƙarshe wani ya daka masa tsawa daga cikin taro ya kira shi Yahuda, sunan da Kiristoci ke jifan maci amana da shi. Ɗaga sauti a daidai nan, domin za ka ji ya mayar wa mutumin da martani, sannan aka umarci makaɗan su ƙure ƙara. Waƙar da ta biyo baya ita ce ta uku a gwajin da ka yi wata biyu da suka wuce.